Murdo Biyar a Layi Ɗaya

Ranar da Hector Lamont ya fara zuwa zance wurina, kafin ma ya tambayi sunan babana ya ba ni labarin kakansa Murdo, wanda ya diro daga saman jirgin ruwan da ake ƙerawa a unguwar Govan ya faɗa kogin Clyde ya ceto mutum. A lokacin tsayin wurin ƙafa ashirin ne. Ranar aurenmu ya koma talatin. Da muka haifi Shona sai ruwan ya fara yin ƙanƙara. Kafin Hector ya yi ritaya daga tuƙin bas, kakan nan nasa daga ƙafa saba'in yake dirowa, da takalmin aiki a ƙafa, da guduma a hannu, ga wani jirgin kuma ya taho zai markaɗe su. Shekara arba'in da ɗaya ina jin labarin nan, ban taɓa jin sa iri ɗaya sau biyu ba.

Shaidarsa wata guntuwar jarida ce da ta yi ja don tsufa, kullum tana cikin aljihunsa. Kan labarin ne kawai ya rage, wai Murdo Lamont ya ceci ɗan uwansa daga Clyde, sai layi ɗaya da ke cewa abokan aikinsa sun ba shi kyautar agogo. Sauran an yage. In ka tambaye shi ina agogon, ya ce ya ɓata a ƙaura, lokacin da aka rushe unguwarsu aka kwaso su zuwa sabuwar unguwa ta Castlemilk yana ɗan shekara shida.

"Mu Lamont ruwa ba ya cin mu," haka yake cewa. Amma duk shekarar da muka je hutu bakin teku a Largs, ranar da za a shiga ruwa kunnensa ke tashi da ciwo. Ban taɓa ganin ruwa ya wuce idon sawunsa ba.

To ana nan sai Shona ta sami ciki, bayan mun gama fid da rai. Mu kuwa al'adarmu ta da, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci. Wan Hector ne ya ci sunan Murdo, ya tafi da shi Ostireliya, ya mutu can bai bar ɗa ba. Sunan yana shirin ɓacewa ke nan, abin kuwa ya tsaya wa Hector a rai.

Wata Lahadi muna cin niƙaƙƙen nama da dankali, Shona da mijinta Ross sun zo, sai ya buga cokali a tebur.

"Murdo," in ji shi. "Sunan yaron Murdo."

"Wane yaro, Baba? Ai ba mu duba ba. Ba ma so mu sani sai an haihu."

"Ni na sani. Dubi yadda cikin ya tsaya. Namiji ne."

"Ko da namijin ne, Murdo sunan tsoho ne mai tari. Ba zan tura ɗana makaranta da shi ba."

"Sunan jarumi ne!"

"Jarumin da ke ƙara tsawo duk Kirsimeti?"

Ross ya sunkuyar da kai yana ta tura dankali don kada dariya ta ƙwace masa. Hector ya miƙe tsaye, wanda bai ƙara masa wani tsawon kirki ba, domin ko da hula bai wuce kunnena ba.

"Wato maƙaryaci ne ni?"

"Ban ce ba, Baba. Kawo min shaida. In ka nuna min da gaske an yi, na yi maka alkawari a gaban Mama, wanda ya yi ceton nan a danginmu, sunansa zan sa."

"Sati biyu," in ji shi. "Ki ba ni sati biyu. Zan tono asalinmu tun daga tushe, in kafa wa kakana allon tagulla a bakin kogi, duk Govan ta zo ta gani."

Maƙwabcinmu Wattie, wanda ƙofarsa ke kallon tamu, ya ji komai ta bango kamar yadda ya saba. Shi da Hector shekara talatin suna abota, kuma a shekara talatin ɗin nan Wattie bai taɓa yarda da magana ɗaya da ta fito daga bakin Hector ba. Washegari da safe muka same shi a bakin matakala ya sha kwat.

"Ina zuwa?" in ji Hector.

"Rakiya. Wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne."

Laburare muka fara zuwa. Wata mata mai farin gashi da haƙurin tsiya ce ke kula da tsofaffin takardu. Hector ya dafa teburinta ya ce Murdo Lamont yake nema, na Govan.

"Wanne daga ciki?"

"Wanne kamar yaya? Ai shi kaɗai ne."

Ta juyo mana da rajistar ƙidaya. Murdo Lamont biyar, duk a layi ɗaya. Ta yi mana bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mai ciwon kai. Tsoho Murdo ya haifi maza huɗu, kowannensu ya haifi ɗan fari namiji, kowanne kuma ya bi al'ada. Ga Murdo huɗu nan, ga tsohon na biyar, dukkansu a ma'aikatar jirage ɗaya.

"Abu mai sauƙi ne," in ji ta. "Mu duba takardar auren mahaifinka, za ta nuna sunan uwarsa, daga nan mu gane wane Murdo ne mijinta. Minti goma ya isa."

"Baiwar Allah, jini ba ya neman takarda. Ki nuna min hoto kawai, zan gane nawa."

Ta samo wani hoton ma'aikata, an rubuta sunaye a ƙasa. Murdo biyu ne a ciki. Ɗaya yana layin baya, dogo, kafaɗa kamar ƙofa, fuska a murtuke. Ɗayan yana gaba, gajere, ya karkace hula, ya turo ƙirji, ya riƙe ƙugu, kunnuwansa a baje kamar hannun tukunya. Hector ya ɗora yatsa a kan dogon.

"Ga shi nan. Dubi haɓar nan. Tawa ce sak."

Wattie ya dubi gajeren, ya dubi Hector, ya sake duban gajeren.

"Hector, ka kuwa lura da kunnen wannan?"

"Me ya sami kunnensa?"

"Ba komai. Na ga kamar na san shi ne."

Ni ma na gani. Daga nan Hector ya ce zai nemo cikakkiyar jaridar da kansa a na'urar da ake duba tsofaffin jaridu. Matar ta ce bari ta nuna masa yadda ake murzawa. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa bas mai bene ba a koya masa murza abu. Ya danna wani maɓalli ya riƙe. Na'urar ta yi ƙara, zaren fim ɗin ya tsinke daga mazauninsa ya shiga feshi a ƙasa, ya naɗe ƙafar kujera, ya naɗe ƙafar Wattie, ya bi ƙarƙashin tebur har wurin wani dattijo da ke gyangyaɗi. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta dai buɗe mana ƙofa ta riƙe har muka fita. Hector ya fito da kwafin hoton da adireshi ɗaya cikin biyar, wanda ya zaɓa don shi ne mai ɗaki biyu, wai jarumi ba zai zauna a ɗaki ɗaya ba.

Ran Alhamis muka shiga bas zuwa Govan ana yayyafi. Rabin layin babu shi, an mai da shi filin ajiye motocin wani babban kanti. Ɗaya rabin kuwa tsofaffin benayen hayan nan na jan dutse suna nan tsaye. Hector ya wuce gaba yana karanta lambobi, har ya iso sha huɗu. Ya cire hula, ya shafa bangon zauren, ya ce yana jin ƙamshin kakansa.

"Fitsarin kyanwa ne," in ji Wattie.

Muna nan tsaye sai ga wata tsohuwa ta sauko da bokiti da tsumma, fuskar nan babu alamar wasa. Daga baya muka ji sunanta Misis Docherty.

"Kai ne sabon ɗan hayan sama?" ta ce wa Hector. "Sati uku katin da ke nuna kai ke da wankin matakala yana rataye a ƙofarka. Ka ɗauka baiwa ce da kai a gidan nan?"

Na buɗe baki zan ce ba shi ba ne, Hector ya taka min ƙafa. Ya ga hanyar shiga gidan.

"Kawo, uwar gida. Matakalar da kakana ya taka? Yau za ki ga wanki."

Duk wadda ta tashi a gidan bene ta san daga sama ake fara wankin matakala a sauko. Hector, wanda bai taɓa wanke ko kofin da ya sha shayi ba, daga ƙasa ya fara. In ya wanke biyar ya hau, ruwan dauɗa ya gangaro ya ɓata biyar ɗin. Ya sauko ya sake. Misis Docherty ta harɗe hannu tana kallo. Ƙofofi suka fara buɗewa.

"Wane ne wannan?"

"Sabon na sama ne."

"Daga ƙasa yake farawa?"

"Ƙila a garinsu ruwa sama yake hawa."

"A ina ka koyi wanki, ɗan nan?" wata ta leƙo ta tambaye shi. Ɗan nan ɗin yana da shekara sittin da takwas.

"Sabon salo ne," in ji Hector yana haki. "Ku ba ku san shi ba tukuna."

Ya yi awa ɗaya da rabi kafin ya kai hawa na uku, gwiwoyinsa sun jiƙe sharkaf. Ya miƙe zai yi mana jawabi, dunduniyarsa ta daki bokitin. Muna jin sa yana gangarowa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, hawa uku, har ya yi kiciɓis da ɗan wasiƙa a bakin zaure. Abin da ɗan wasiƙan nan ya faɗa ba zan maimaita ba, amma har iyayen Hector da kakanninsa biyar ɗin duka sun samu rabonsu.

Da ƙura ta lafa, Hector ya gyara murya ya tambayi Misis Docherty wane ɗaki ne na gidan Lamont.

"Lamont? A nan? Shekara hamsin ina gidan nan, uwata ma a nan ta mutu, ba a taɓa yin Lamont ba."

"Ai nan ne sha huɗu."

"Yanzu ba. A da talatin da biyu ne. Da aka rushe rabin layin aka sake lambobi. Sha huɗu na da, ka ga can inda kanti ke jera kwandunan shara? To nan ne." Ta ƙare masa kallo. "Wato kai ba ɗan hayan sama ba ne?"

"A'a."

"To wa ya aike ka?"

Matan suka kwashe da dariya har wata na riƙe ƙarfen matakala. Misis Docherty ta ɗan ji tausayinsa, ta ce in Lamont yake nema ya je wurin Effie Lamont, tana zuwa cin abincin tsofaffi a zauren coci duk Laraba, babu abin da ba ta sani ba a kan dangin. Hector ya yi godiya, muka fito. Ya je ya tsaya gaban kwandunan shara, hula a ƙirji, ya yi shiru na minti ɗaya, Wattie yana riƙe masa lema yana kallon sama.

A bas na ce masa, "Laraba sai mu je wurin Effie ɗin nan."

"Ba inda za ni. In je ta ce ita ma jika ce, a raba da ita? Ni na sha wahalar binciken."

"Wane bincike? Matakalar mutane ka wanke."

"Netta, ke ba ki san tarihi ba."

Na so in matsa masa. Abin da ya hana ni, washegari da la'asar na shigo na same shi zaune bakin taga shi kaɗai, guntuwar jaridar nan a tafin hannunsa. Bai ji shigowata ba. Da ya ɗago ya ce, "Ban san fuskar babana sosai ba, Netta. Wata uku da ƙaurarmu ya mutu. Ba ni da komai nasu sai wannan." Babu kuri a muryarsa ko kaɗan. Tausayinsa ya kama ni, na je na dafa masa shayi. Da na san abin da ƙyale shin da na yi zai jawo, da na ja shi da kunnen nan nasa har zauren cocin.

Sati na biyu Hector bai zauna ba. Ya sa aka sassaƙa allon tagulla. Ya buga takardun gayyata da hoton dogon Murdo ɓaro-ɓaro, a ƙasa an rubuta, kakan Hector Lamont, jarumin Clyde, ya bi turakun fitilun Govan yana liƙawa. Ya ɗauko hayar kilt, zanen gargajiyar nan da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya gaya wa mai shago tsawon da yake ganin ya kamata a ce yana da shi, don haka abin da ya kamata ya tsaya a gwiwa ya sauko masa har ƙwauri. Wattie ya ce ya yi kama da gwaggonsa ranar zuwa coci. Ya kuma kawo masa surukinsa mai busa, wanda waƙa biyu kawai ya iya, ɗaya ta aure ɗaya ta jana'iza, kuma ba kowa ke bambance su ba.

Ranar Asabar da safe na miƙa masa gajeren wando.

"Me zan yi da shi? Ɗan asali ba ya sa komai a ƙarƙashin kilt."

"Akwai iska a bakin kogi, Hector."

"Kakana bai ji tsoron kogin ba, ni zan ji tsoron iska?"

Ya kuma cire labulen kicin ɗina don a lulluɓe allon.

Da tsakar rana mutum kusan arba'in suka taru a tsohuwar matsayar jirage. Matan gidan Misis Docherty sun zo gaba ɗayansu, sun ce wanda ya yi wancan wankin ba za a bari ya wuce su ba. Tsofaffin ma'aikatan jirage sun zo da sandunansu. Shona na zaune a kujerar da Ross ya ɗauko mata, cikin ya kai wata tara. Akwai sarƙar da ta tare bakin ruwa tsakanin turaku biyu, Hector ya kwance ta ya ajiye gefe, wai tana tare wa allon fuska. Ya tsaya a gurbin, kogi a bayansa, ya buɗe baki.

"Jama'ar Govan! A daidai wannan wuri, kakana Murdo Lamont ya diro daga tsayin ƙafa tamanin..."

"Tamanin?" wani tsoho ya ce. "Daga jirgin sama ya diro?"

"...cikin ruwa mai ƙanƙara..."

"A wane wata?"

"Yuli," in ji Wattie, wanda ya haddace kwanan watan da ke jikin allon.

"Ku bar shi ya yi magana," in ji Misis Docherty. "Ƙila daga ƙarshe ya fara, kamar wankinsa."

Hector ya daure ya ci gaba. Ya kai daidai inda jirgin ke tahowa zai markaɗe su, sai taron ya dare gida biyu. Wata tsohuwa ce ta taho, doguwa, kafaɗa kamar ƙofa, fuska a murtuke, tana jan jakar cefane mai taya, takardar gayyatar Hector a ɗaya hannun. Ina ganin haɓarta na gane ta dogon Murdo na cikin hoton ce.

"Wane ne ya liƙa hoton kakana a jikin turken fitila?"

"Kakana ne, baiwar Allah," in ji Hector. "In kina da magana ki bari a gama."

"Ni ce Effie Lamont. A cinyar mutumin nan na girma. Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Angus, ɗan Murdo."

"Ya sunan kakarka mace?"

"Bella."

"Allah sarki," in ji ta. Ta dube shi daga kunne zuwa ƙwauri. "Ai ba sai na tambaya ba ma. Jikan Murdo Gajere ne."

Ta buɗe jakar ta zaro agogo mai sarƙa, ta ɗaga kowa ya gani, ga rubutun abokan aiki a bayansa. Ta sake zaro jarida, irin ta aljihun Hector sak, sai dai wannan ba a yage ba.

"Murdo biyu ne a labarin, ɗan nan. Ɗan wa da ɗan ƙane. Nawa ne ya yi ceton. Naka aka ceto."

Shona ta toshe baki da hannu biyu.

"Kuma ba wanda ya diro daga ko'ina. Lokacin hutun cin abinci ne, Gajere ya cika baki wai zai iya bin katakon hawa jirgi da baya, da gwangwanin shayi a kansa. Taku huɗu ya yi. Tsayin wurin ƙafa shida ne. Kakana ko takalminsa bai jiƙe ba, kwanciya ya yi rub da ciki ya maƙalo shi da ƙugiya ta ɗamara. Da jarida ta fito, Gajere ya saya ya yage rabin ƙasa da hannunsa, ya yi shekara talatin yana nuna wa baƙi rabin sama a mashaya."

A nan ne na tabbata lallai mijina ya tono asalinsa tun daga tushe, kamar yadda ya yi alkawari.

"Ƙarya ne!" in ji Hector, kunnuwan nan sun yi jawur. "Sharri ne! Haɗa baki aka yi!"

"Ga shi ka karanta." Ta tako gaba da jaridar.

Ya ja da baya. "Ba zan karanta ba!"

"Karanta mana, ai ba cizo take yi ba." Ta ƙara taku ɗaya.

Ya ƙara ja da baya. "Ba a taɓa yin ɗan Lamont da zai yi tafiya da baya ya faɗa ru..."

Bai ƙarasa ba. Hannunsa ya kai wa allon cafka, ya tafi da shi da labulen rabi, sai ji muka yi tsundum. Mai busa, da aka ce masa ya fara da zarar an yaye labule, ya ga an yaye, ya kama busa. Har yau ban san ko ta aure ce ko ta jana'iza ba.

Na ruga bakin ruwa ina ihu. Kilt ɗin ya baje a saman ruwa kamar lema, Hector a tsakiya yana dukan kogi da hannu biyu, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso. Dariya ta ɗauke wa kowa, domin duk wanda ya gan shi ya san bai iya ruwa ba. Na tsorata ƙwarai, na ga shekara arba'in da ɗaya suna shirin tafiya a gaban idona. Wattie ya fisgo tayar ceto ya wurga, ta same shi a tsakar ka. Ross yana ta kokawa da igiyar takalminsa. Tsofaffi kowa na ba da umarni, babu mai motsi.

Sai Effie ta motsa. Ta ajiye agogon a kan jakarta, ta je jikin turken da aka rataye kayan ceto ta sauko da doguwar ƙugiya, ta kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen dutse, mace mai shekara saba'in da huɗu. Sau ɗaya ta kai hannu ta maƙalo ɗamararsa ta baya. Ta ja shi har bakin matakalar dutsen da ke gangara ruwa, Ross da Wattie suka kama suka ɗago. Da yake ta baya aka maƙalo shi, bayan ne ya fara fitowa, kilt ɗin kuwa ya rufe masa kai. Duk Govan ta shaida cewa Hector Lamont ɗan asali ne. Na warci ragowar labulen kicin ɗina na rufa masa asiri, abin da ya saura daga ciki.

"To," in ji Misis Docherty, "wannan karon ma daga ƙasa ya fara."

Shona, da ta ga uban nata yana tari yana numfashi, sai dariyar da ta danne ta ƙwace. Ta yi ta yi har hawaye, har ta riƙe ciki, sannan ta daina dariyar ta ce, "Mama, ina jin lokaci ya yi." Motar asibitin da aka kira don Hector ita ta kwashe su su biyu, shi a naɗe cikin bargo yana atishawa, ita tana matse masa hannu tana zaginsa.

Kafin rana ta faɗi ta haihu. Mace.

Muka shiga ganin ta, Hector cikin rigar asibiti, ya ƙi haɗa ido da kowa. Effie ma ta biyo mu da jakarta, ta ce ai jininta ne, sai ta gani. Shona ta miƙa wa uban nata jaririyar.

"Na yi maka alkawari, Baba. Wanda ya yi ceto a danginmu, sunansa zan sa. Da idona na gani yau. Sunanta Effie."

Hector ya dubi jaririyar. "Sunan Murdo ya tafi ke nan," ya ce a hankali. "Gara ma. Wa zai so sunan wawa?"

"Kai, rufe mana baki," in ji babbar Effie. "Kakana mutumin kirki ne, amma sai ka yi awa guda da shi bai ce maka komai ba. Duk Sabuwar Shekara ɗakin Gajere ake cika, har kan matakala, don a ji labarinsa. Kakana da kansa yake zuwa ya zauna a lungu, yana jin yadda Gajere ya cece shi, yana dariya har da hawaye. Ranar da aka binne Gajere shi ya ɗauki gaban akwatin, bai kuma sake zuwa bikin Sabuwar Shekara gidan kowa ba." Ta zaro cikakkiyar jaridar ta ɗora masa a cinya. "Riƙe. Rabin ƙasan naku ne."

Mijina ya yi kuka a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ba, kuma ko Wattie bai yi masa ba'a ba.

Allon tagulla yana ƙasan Clyde har yau. Hoton laburare yana bangon falonmu, an zagaye gajeren da jan biro. Effie takan zo cin abinci duk Lahadi, in za a yi wa takwararta wanka sai ta ce Hector ya matsa daga bakin baho. Jiya da rana na fito daga kicin na same shi yana jijjiga jaririyar a bakin taga, yana ba ta labarin ranar da aka haife ta, yadda kakanta ya faɗa Clyde ya fito da ransa. Na tsaya bayan ƙofa ina saurare. Tsayin wurin ya kai ƙafa talatin, ruwan kuma ya fara yin ƙanƙara.